Makullin da Na Yi wa Surukina

Ranar da aka kai surukina makwancinsa, gidanmu na Rogo Sabon Gari ya kasa ɗaukar jama'a. Maza suka cika ƙofar gida har suka gangara inuwar darbejiyar maƙwabta, mu mata muka matsu a tsakar gida, tabarma kan tabarma. Ina zaune a bayan Inna, mahaifiyar maigidana, kaina a sunkuye, ina jin abin da kowace mai shigowa take ƙarawa bayan ta yi mana ya haƙuri. Wata mata daga Jajaye ta ce Baba ne ya koyar da mijinta lissafi, ya zo ya koyar da 'ya'yanta, kuma duk cikinsu babu wanda ya tsira daga jan bironsa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce tunda take zama a bakin tasha bai taɓa wuce ta bai tsaya sun gaisa ba, ko da ruwa ake yi. Inna ba ta cewa komai sai amin.

Abin da ya faru a waje, maigidana ne ya ba ni labari da la'asar. Ya ce malamin kwamfuta na makarantar al'umma da ke Karaye, wani magidanci mutumin Yola ta nan kusa da mu, ya yi kuka a maƙabarta har sai da dattawa suka tsawatar masa. Da aka dawo ana zaman makoki kuma, wani tsohon abokin aikin Baba ya ɗauko yabo, ya yi ta yi har ya kai ga cewa marigayi mutum ne da ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Baffa, ƙanin Baba, wanda tun safe bai ɗaga kai ba, sai ya ɗago ya ce, "A'a. Ya yi kuskure, babba ma. A gabana ya faɗa da bakinsa." Aka shafa fatiha, aka shiga wata maganar.

Ni na san kuskuren da Baffa yake nufi, domin ni na fara gane shi. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru yabo ya shafe mutumin, a bar wa jikokinsa wani waliyyi da ba mu sani ba, alhali Baban da muka zauna da shi ya fi wannan daɗin tunawa.

Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗarsa ba. Shi ma bai taɓa faɗar nawa ba, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Uwata yake ce mini, kuma ko wannan ba kasafai ba. Tun da aka kawo ni gidan, in na ji ƙarar takalminsa a soro nakan shige ɗaki. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon rediyonsa, in tashi. Duk da haka shi ne ya tsaya mini a kan aikina. Kwamfuta na karanta a Kano, kuma daga ɗakina nake kula da na'urorin wani kamfani da ke can nesa. Da matan unguwa suka fara cewa amaryar gidan malam ba ta da aiki sai kallon talabijin, shi ya ce a ƙyale ni, noma nake yi, gonar ce ba sa gani. Wata rana na dawo daga ganin gida na tarar an jawo wayar sola zuwa ɗakina. Bai ce mini shi ya sa ba, ni ma ban iya yi masa godiya baki da baki ba, sai maigidana na aika.

Malamin lissafi ne har ya yi ritaya, kuma bai bar koyarwa a makaranta ba, ya taho da ita gida. Abin da ya fi faɗa shi ne, "Nuna aikinka." Birkila ya ce masa siminti kaza zai isa, sai ya nuna aikinsa. Jikansa ya ce wane ne ya fara tsokanarsa, sai ya nuna aikinsa. Inna ta taɓa ce masa ita dai ba za ta nuna aikinta a kan miyar kuka ba, in zai ci ya ci. Yana da wata kuma, "Karanta tambayar tukuna," wadda yake jefa wa duk mai saurin amsa, har da limamin unguwa. Gyaɗa soyayya ba ta rabuwa da aljihunsa. Duk littafin da ya taɓa karantawa za ka ga tabon mai a gefen shafi.

Bayan ritayarsa, tsofaffin ɗalibansa suka haɗu suka saya wa makarantar Karaye kwamfutoci, don a can ya ƙare koyarwa kuma can ne asalin gidansu. A cikinsu akwai babba guda da ake kira saba. Ita ce rumbun, a cikinta ake tara tambayoyin gwaji, sauran kwamfutocin ajin su riƙa ɗiba daga gare ta. Manufar ita ce kada yaron ƙauye ya fara taɓa kwamfuta a ranar jarrabawar shiga jami'a. Baba ya ɗauki sabar nan kamar amanar marayu. Da furfurarsa ya koyi sarrafa ta, tabarau a kan karan hanci, yatsa biyu kawai yake bugawa da su. Shi da sauran malamai suka shekara da shekaru suna zuba tambayoyi a ciki. Babur ɗinsa ya san hanyar Karaye fiye da direbobin tasha.

Wata damina babur ɗin ya zame da shi a taɓo, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi ɗori, an je asibiti, ƙafar dai ba ta koma daidai ba. Daga nan Baba ya ƙi fita. Ba ciwon ne ya hana shi ba, ɗaukar da za a yi masa ce. Ya ce ba zai yarda yaran da ya koya wa jimla su gan shi a hannun mutane kamar buhun dawa ba. Ko sallar Juma'a ya haƙura da ita. Ya zauna a turakarsa da wata tsohuwar laftof a kan cinya.

Ina wucewa ta gaban tagarsa nakan hango fuskar laftof ɗin baƙa da fararen rubutu, kuma na san abin da wannan yake nufi: yana shiga sabar Karaye ne daga gida. Zuciyata ta sha raya mini in tambayi yadda ya shirya abin. Amma ta ina suruka za ta fara? Shi ma ya san aikina ke nan, tsakaninmu bai wuce faɗin tsakar gida ba, bai tambaye ni ba. Haka muka zauna, kowa yana girmama ɗan'uwansa da shiru.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa, yara suka shiga aji wata safiya suka tarar babu komai. Tambayoyin da aka tara sun lalace, sabar ta yi zafi tana ta gurnani kamar tana wani aiki da ba a sa ta ba. Kwamitin iyaye ya zauna, Baffa ne shugabansa. Mutum ɗaya ne yake riƙe da makullin ɗakin kwamfuta, shi ne malamin nan mutumin Yola. Wani ya ce ya taɓa ganin ya sa filashi, ɗan abin nan na kwasar bayanai, a na'urar. Wani ya ce dama ɗan makiyaya ne, shi ne na farko a gidansu da ya yi boko, me ya sani. Kafin azahar an dakatar da shi, an karɓe makullin a gaban ɗalibansa.

Maigidana ya ce in je in duba. Na je Karaye na yini a kan na'urar. Irin wannan na'ura tana ajiye sawun duk wanda ya shige ta, kuma sawun da na gani bai bi ta ƙofar ɗaki ba. Ta intanet aka shigo, daga ƙasashen da ko sunan Karaye ba su taɓa ji ba. Na dawo gida ina zargin ta inda aka samu hanya.

Washegari da hantsi maigidana ya zauna a bakin ƙofar turaka, ni na durƙusa a waje bayan labule. Na ce masa ya tambayi Baba yadda yake shiga sabar daga gida, alhali Baba yana jin kowace kalma tawa. Baba ya ce in yi magana kai tsaye, ba kurma ba ne. Sannan ya yi bayani, har da ɗan alfahari a muryarsa. Ya ce ya karanta cewa akwai wata hanya da ake kira SSH, wadda mutum zai zauna a gidansa yana ba na'urar da ke wani gari umarni, kuma duk abin da ya wuce tsakaninsu a rufe yake, mai tsaye a hanya ba zai iya karantawa ba. Tun kafin ya faɗi ya buɗe ta da kansa, bai gaya wa kowa ba. Da sunan babban mai iko na na'urar yake shiga, don ya fi sauƙi. Kalmar sirrin kuwa sunan garin ne, Karaye, don kada ya manta. Ya ƙara da cewa ko Inna bai taɓa gaya wa ba, saboda haka ba ta nan ɓarnar ta biyo ba.

Na san akwai na'urori a duniya da ba su da aiki sai bin irin waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa, suna gwada sunayen mutane da na garuruwa ba hutawa, har su dace. Gajeriyar kalma irin ta Baba ba ta ɗaukar musu lokaci. Amma bakina ya ƙi buɗewa.

"Uwata," in ji shi daga ciki, "a gaban allo na tsufa. Na san shirun ɗalibin da bai gane ba, na kuma san shirun wanda ya ga malam ya yi kuskure. Faɗi."

Na faɗa. Ina kallon ƙasa, na gaya masa abin da na gani a Karaye da abin da yake nufi. Ya yi mini tambayoyi kamar yadda ya saba yi wa kowa, na amsa. Da ya ga babu ta inda lissafin zai sauya, sai ya tambaya ko malamin kwamfuta yana da wani laifi a ciki, ko kaɗan ne. Na ce babu. Ya ce maigidana ya ja masa ƙofa. Ranar abincinsa ya dawo yadda aka kai shi.

Inna ta same ni a madafa. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce duk faɗin duniya na rasa wanda zan nuna wa ilimina sai surukina, yana kwance da karaya. Ta ce a zamaninsu ko ɓarawo ka ga surukinka ya zama, kauda kai kake yi. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma har yau in na tuna maganarta sai fuskata ta yi zafi, duk da na san ban faɗi ƙarya ba.

Baffa ya zo daga Karaye da jin labari. Turakar tana jikin ɗakina, saboda haka na ji komai. Shawarar Baffa ita ce a mayar da malamin aikinsa a hankali, a ce wa iyaye wata cutar kwamfuta ce ta shiga, wadda ba laifin kowa ba, shi ke nan an rufa wa kowa asiri. Baba ya tambaye shi a ina aka karɓe makullin daga hannun malamin, a ɓoye ko a gaban mutane. Baffa ya ce a gaban mutane. Baba ya ce to ai ya amsa wa kansa. Daga nan murya ta tashi. Baffa ya ce yayansa ba ya tunanin sunan gidansu, gobe a kasuwar Karaye za a ce tsoho ya tsoma hannu a abin da ba na sa'anninsa ba ya kashe wa yara karatu. Baba ya ce in sun faɗi haka gaskiya suka faɗa. Baffa ya ce shi ba zai kira taron da za a wulaƙanta yayansa ba. Baba ya ce to ya ba mataimakinsa ya kira. Baffa ya fita bai taɓa abincin da na kai ba, bai yi wa Inna sallama ba.

An kira taron. Mutumin da ya haƙura da masallaci don kada a gan shi a hannu, ranar 'ya'yansa biyu, maigidana da ƙaninsa, suka ɗauke shi a kujerar roba daga mota har cikin aji, ta gaban ɗalibai da iyayensu. Idonsa a rufe yake, gumi na bin wuyan rigarsa. Ya ce dole in bi su, na tsaya a bayan ƙofa na ja mayafi. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce shi ya buɗe hanyar da ɓarayi suka bi, shi ya sa mata kalmar da ko yaro zai iya tsinta, kuma malamin da aka dakatar bai san ma da ita ba. Sannan ya juya ga malamin ya nemi gafararsa. Malamin ya durƙusa yana ta roƙon Baba ya daina, ai shi ɗalibinsa ne, Baba bai daina ba sai da ya ji kalmar yafiya daga bakinsa. Baffa na zaune a kujerar shugaba yana kallon taga.

Sai Baba ya ce surukarsa za ta yi wa jama'a bayanin yadda abin ya faru. Ban san zai yi haka ba. Na tsaya gaban maza sa'annin mahaifina ina fayyace kuskuren surukina, yana zaune a gefena. Wani daga baya ya ce ashe suruka ce ta kama suruki, aka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya jira dariyar ta lafa, ya ce, "Da na tambaye ta tun farko, da ba mu taru a nan ba. Kunya ce ta hana ni, ga inda ta kawo ni."

Muka kamo hanyar gida a mota har muka hango Rogo. Daga gaba, ba tare da ya waiwayo ba, Baba ya tambaya ko akwai yadda za a gyara ƙofar nan ya zama shi kaɗai ke shiga, ko kuwa ya haƙura da ita gaba ɗaya. Na ce akwai.

Wannan ne ya sa na shiga turakar Baba na zauna a karon farko. Ya sa aka shimfiɗa mini darduma a gefen gado, Inna ta kawo tsintar wakenta ta zauna a bakin ƙofa, ba ta kallon kowa. Na yi masa bayani cewa za mu bar kalmar sirri mu koma makulli. Laftof ɗinsa za ta ƙera abu biyu a tare. Ɗaya kamar kwaɗo ne, shi za a kai Karaye a rataya a ƙofar sabar, kuma ko duniya ta gan shi babu komai. Ɗayan shi ne ɗan makullin, ba ya barin laftof ɗin har abada, ba a aika shi, ba a ara wa kowa. Ya katse ni ya ce in an ƙera su tare, me zai hana mai wayo ya dubi kwaɗon ya gano makullin? Na ce ya ɗauki manyan lambobi biyu irin waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, ya ninka su, abu ne mai sauƙi. Amma a ba mutum amsar kawai a ce ya nemo lambobin, in sun kai tsawon da na'ura ke amfani da shi, sai ya ƙare rayuwarsa bai gama ba. Baba ya yi dariya, ta farko tun faɗuwarsa. Ya ce ashe duk abin lissafi ne aka sa masa rigar Turawa. Ya sa aka miƙo masa takarda ya gwada da ƙananan lambobi, ya manta da ni ina zaune, har Inna ta ce masa yarinyar nan tana da girki.

Da aka zo kulle ɗan makullin shi ma da doguwar jimla, don ko an sace laftof ɗin kada ya yi amfani, na ce ya zaɓi wadda ba sunan gari ba ce, ba sunan ɗa ko jika ba. Ya ce in juya baya. Na juya, na daɗe ina jin ƙarar yatsunsa biyu.

Na koma Karaye, ni da malamin kwamfuta muka wanke sabar tas muka sake ɗora mata komai. Na buɗe wa Baba shiga da sunansa, ba da sunan babban mai iko ba, na rataya kwaɗonsa. Sannan na kira shi a waya. Da ya gwada shiga, laftof ɗinsa ta nuna masa wasu haruffa masu tsawo, tana tambaya ko ya tabbata wannan ce na'urar da yake nufi. Na ce kada ya amsa tukuna. Ni ina karanto haruffan daga Karaye, shi yana bi da yatsa a Rogo, kamar shifta. Wuri ɗaya na yi sauri ya ce in maimaita. Da suka dace, sai na ji ya yi sallama a hankali kafin ya danna. Daga baya na gane al'adarsa ce, ya ce ba a shiga wurin mutane haka kawai. Sunansa ya bayyana a gabana. Sai da ya fita ya sake shiga muka tabbata, sannan na toshe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, na kuma hana babban mai iko shigowa daga waje. Baba ya yi ƙorafin cewa yanzu duk babban aiki sai ya nemi izini a wurin na'urar da shi ya raina. Amma da kansa ya gwada tsohuwar kalmarsa don ya gani, na'urar ta ƙi shi, ya ce madalla. Kafin mu ajiye waya ya ce a yi wa malamin kwamfuta nasa makullin, ni ma a yi mini, kada a sake samun ƙofar da mutum ɗaya ne kawai ya san da ita.

Ba duka aka samu ba. Wasu tambayoyin an tsinto su a filashin nan da aka zargi malamin da shi, amma na lissafi sun tafi. Yaran shekarar suka shiga jarrabawa da ɗan gwajin da ya samu, kuma da sakamako ya fito wasu ba su tsallake ba. Babu mai iya cewa rashin gwajin ne ya kayar da su, Baba dai ya ɗora wa kansa. Ya aika a kira masa su, na kusa da na nesa, ya sa aka riƙa fito da shi soro kullum da safe yana koya musu, har shekara ta zagayo. Da rana kuma yana kan gado yana sake zuba tambayoyin lissafi cikin sabar, daga tsofaffin takardu da abin da ke kansa, ɓawon gyaɗa a kan bargo. Babur ɗinsa kuwa ya sa aka gyara aka kai wa malamin kwamfuta, ya ce hanyar Yola ta fi ƙarfin keke.

Baffa bai sake zuwa ba sai da Babbar Sallah. Suka gaisa kamar baƙi. Can Baffa ya ce wai an ce daga kan gadon nan yake shiga Karaye, shi yana so ya gani. Baba ya jawo laftof, ya dube shi ya ce ya juya baya. Baffa ya ce shi ɗin? Baba ya ce ko ni uwarsa da na ƙera makullin sai da na juya. Na ji dariyarsu daga ɗakina. Inna ma ba ta taɓa ce mini ta janye maganarta ba, amma tun daga lokacin in ta dama fura, kwanona ne na farko.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana da shi. Har a lokacin daga nesa nake gaishe shi, amma in wani abu ya shige masa duhu sai in ji "Uwata" ta taga, in zo in durƙusa a bakin ƙofa mu warware.

A bara mantuwa ta fara kama shi. Da farko sunayen jikoki, daga baya ranakun mako. Wata safiya ya kira ni, na tarar laftof a buɗe, hannuwansa a kan cinya. Ya ce tun bayan sallar asuba yake neman jimlar, ta ɓace masa. Na ce ba komai, zan ƙera masa sabon makulli, in ya so a bar shi babu jimla, ko kuma a rubuta ta a ajiye kusa da shi. Ya girgiza kai. Ya ce jiya ma ya shiga, ya tsaya bai san abin da ya kawo shi ba, kuma ya ji tsoron abin da yatsunsa za su iya yi.

"Cire kwaɗona daga ƙofar," ya ce. "Yau ina da hankalin da zan ce ki cire. Ban san gobe ba."

Na ɗauko tawa kwamfutar na shiga sabar. Layi ɗaya ne kawai, ba ya ɗaukar ko minti. Na daɗe yatsana a kai ban danna ba, ina jin nauyin a ce ni na fitar da shi daga wurin da ya gina. Ya ce in yi, yana kallo. Na goge. Ya ce in nuna masa, na juya masa fuskar kwamfutar ya duba, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya rufe laftof ɗinsa ya ce a ba babbar jikarsa. Bai sake tambayar Karaye ba har Allah ya karɓi abinsa, wata safiya bayan an gama girbin gyaɗa, Inna na gefensa.

Bayan sadakar uku, 'ya'yansa suka riƙa tura hotonsa a waya. Ya shigo tawa ina zaune a ɗaki ni kaɗai. Na buɗe, na ga wani dattijo mai ɗan tabo a saman girar hagu, idonsa ɗaya ya fi ɗayan ƙanƙanta, bakinsa kamar yana riƙe da dariya. Na tambayi maigidana yaushe Baba ya samu wannan tabon, ya ce ai tun yana yaro, jaki ne ya harbe shi. Hannuwansa na sani, da muryarsa ta bayan labule. Fuskarsa kuwa sai ranar na kalle ta sosai, kuma ko a hoton ban jima ba na sunkuyar da kai.

Allah ya gafarta wa Baba abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya haskaka masa kabarinsa, ya ba Inna da Baffa haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.